Tsohuwar Matakin Farko

Ranar da wasan wayar da ya ƙirƙira ya shiga sahun gaba a wata ƙasa da bai taɓa takawa ba, mahaifinsa ya shigo ɗakin aikinsa ko sallama babu, ya miƙa masa waya.

"Kai, duba min abin nan. Ya lalace."

Bai lalace ba. Sabon zubin wasan ne ya sauka, ya share tsohon.

Kamfanin da ke tallata wasan a can ne ya gindaya sharaɗi: mutanensu ba sa son tsohuwa, a cire ta, a sa budurwa mai takobi da ke magana da yarensu. Tsohuwar da ke cikin wasan kuwa mahaifiyarsa ce, marigayiya. Ya zana ta da tabaronta mai ɗaurin zare, ya naɗi muryarta a gadon asibiti tana dariya, wai ita ba 'yar fim ba ce. Duk wanda ya faɗi a wasan, ita ke cewa, "Tashi mana, ba komai. Sake gwadawa."

Ya ɗan yi gardama, sannan ya sa hannu. In ka je gari ka tarar kowa da jela, nemi tsumma ka ɗaura.

"Baba, haka kasuwarsu take so. Kai da har yau ba ka wuce matakin farko ba! Kawo in koya maka."

Tsohon ya daɗe yana kallon budurwar tana juya takobi.

"Na iya," in ji shi. "Da gangan nake faɗuwa kowace safiya. In na ci, ai ba ta magana."