Jan Biron Malam Ashiru

Tun kafin a ce an ɗauke shi, Malam Ashiru ya sayi jan biro kwali guda, ya jera uku a aljihun gaba yadda ko makaho zai san an samu canji.

Akanta ne a Birnin Kudu, da ɗan ofishinsa a bakin titi. A rumfar riɗin mahaifinsa ya tashi, amma wannan babin ba ya son a buɗe shi. Wanda yake so shi ne na ranar da ya ci jarrabawar ƙwararrun akantoci, shekaru da dama baya. Yadda yake ba da labarin, sai ka rantse masu gyaran takardu miƙewa suka yi suna masa tafi.

Bana sai ya nemi shiga sahun masu gyaran. Nan da nan magana ta kai Gwaram, har Sara garin surukansa, cewa Ashiru ne zai riƙa yanke wa akantocin ƙasar nan hukunci. Shi ya kai labarin da bakinsa, a motar haya.

Saura abu ɗaya. Duk mai son aikin sai an gwada shi. Za a turo masa tsohuwar amsar wani ɗalibi, an sake buga ta da kwamfuta, babu suna babu lamba, tare da tsarin rabon maki. In makin da ya bayar ya yi nesa da na asali fiye da biyar, shi ke nan, ba a sake kiransa.

Ranar da takardar ta iso, Maikano yayan matarsa yana ofis yana shan shayi. Ashiru ya gyara zama, ya cire murfin biro.

Tambayar tsohuwa ce, irin ta zamaninsu: fitar da ribar kamfani da ƙiyasta kayan da suka rage a sito. A layi na biyu ɗalibin ya yi tuntuɓe, ya tara abin da ya kamata ya ɗebe. Daga nan duk lambar da ta biyo baya ta gaji kuskuren, har ƙasan shafi.

Tsarin kuwa ya faɗa ɓaro-ɓaro: kuskure ɗaya, hukunci ɗaya. In ɗalibi ya ɓata lamba a sama, amma ya bi matakan aikin daidai da ita, a ba shi makin hanya. Ashiru ya karanta, ya ja tsaki.

"Makin hanya! Maikano, direba ya sauke ka a Kangire alhali Gwaram za ka, sai ka yaba masa don ya iya riƙe sitiyari?"

Ya shiga yanka. Shafi na uku ɗalibin ya yi bayani da misalin buhunan riɗi da suka sha danshi, Ashiru ya ce ashe ma ɗan ƙauye ne. Kowace amsa kuma sai ɗalibin ya rufe ta da cewa wannan abu ne da kowane ƙwararre ya sani.

"Ga jahilci ga cika baki," in ji Ashiru.

Ya ba shi ashirin da uku cikin ɗari. A ƙasa ya ƙara da cewa wannan ko teburin mai shayi kada a ba shi ya duba. Ya tura.

Kiran ya zo bayan la'asar, yana tsakiyar majalisa, Maikano na gefensa. Da ya ga Hajiya Nasiha ce, shugabar masu gyaran, ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya buɗe lasifikar waya ya ajiye ta a kan tabarma.

"Hajiya, barka da yamma. Ina sauraro."

"Malam Ashiru, na ga aikinka. Hamsin da ɗaya aka ba takardar nan tun asali. Ka yi nisa da yawa, ba za mu iya ɗaukarka ba."

Wani ya yi tari. Maikano ya duƙufa kallon takalminsa. Ashiru ya ji idanun majalisa a ƙeyarsa, ya ga ba shi da mafita sai ta kan ɗalibin.

"Hamsin da ɗaya, Hajiya? Wato wannan ya ci ke nan?"

"Ya ci. Makin hanya ne ya tsallakar da shi."

"Inna lillahi! To ni gara a ƙi ni da in sa hannu a wannan ɓarnar. Yanzu haka yana can ya kafa allo yana duba wa bayin Allah lissafi! Don Allah a wane gari yake, mu ja kunnen jama'a?"

Sai Hajiya ta ce:

"Malam Ashiru, ai mu nan kowa takardarsa muke fara ba shi."