Manhajar da Ta Daina Tuhumar Tsoho

Baba, kai ne ka saba ba mutane misali a bakin rumfa, su tashi suna juya shi a rai har gida. Tun da ka tafi rumfar ta yi shiru. Yau ni zan ba ka ɗaya, ka yi haƙuri in ban iya ƙulla shi yadda kake ƙullawa ba.

An yi wani tsoho mai zanen hula. Shi ke zana ado a kan farin ƙyalle, matan unguwa su karɓa su bi da zare da allura. Zanukan duk a kansa suke, ga ido ya fara ja da baya, layin da yake ja da biro ya fara rawa. Yana da ɗa saurayi wanda karatu ya tsaya masa a hanya, amma Allah ya sa masa son kwamfuta. Saurayin ya ga in aka yi sake, zanukan nan za su bi mai su kabari. Sai ya samo wata tsohuwar kwamfutar tebur, ya sayo littattafan koyon haɗa manhaja wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin titi, masu kauri kamar bulo, Turancinsu sai da ƙamus a gefe. Babi-babi yake bi, yana tuntuɓe yana tashi. Ranar da ya fara sa taga ta buɗe a fuskar kwamfutar, fara fat ba komai a cikinta, ya yi ta zagaya tsakar gida yana dariya har kaji suka watse. Daga nan ya koyi dasa maɓalli, ya koyi jera launuka a gefe, ya koyi yanka fili gida-gida yadda duk gidan da aka danna zai ɗauki launin zare. Littafin ya yi gargaɗi kada a bar mutum ya ɓata aikinsa ba a tambaye shi ba. Saurayin kuwa ya ɗauki maganar da zafi: duk abin da aka taɓa, sai ɗan akwati ya faɗo yana cewa, "Ka tabbata?"

Da ya gama ya kira tsohon. Tsohon ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya riƙe linzamin kwamfutar kamar mai riƙe ɗan tsako. Ya danna ja. Ka tabbata? Ya ce ya tabbata. Ya koma kore. Ka tabbata? Ya dubi ɗansa, ya dubi kwamfutar. Da ta sake tambaya sai ya saki linzamin ya ture kujera. Ya ce tun gemunsa bai fito ba yake zane, manyan mutane sun je Idi da hularsa, ba wanda ya taɓa tsare shi da tuhuma sai wannan akwatin da ko gaisuwa bai iya ba. Ya koma tabarmarsa ya ɗauki biro. Maƙwabta suka samu abin yi, in ya fito masallaci ya ce zai wuce gida, sai su tambaye shi ko ya tabbata.

Saurayin ya rufe littattafan, ya dawo gefen tabarma ya zauna yana kallon hannun ubansa. Ana nan wata mata ta kawo hula, ta karkata layi ɗaya a ɗinkin, tana ta ba da haƙuri. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya zura allura ƙarƙashin zaren ya ja a hankali, layin ya fita kamar ba a taɓa yin sa ba. Ya ce mata, "Mai ɗinki ɗinkawa yake yi, Hajiya. In ya ɓaci ya warware." Nan take saurayin ya tuna wani babi can ƙarshen littafi da ya tsallake don wuyarsa, babin da ke koya yadda manhaja za ta riƙe duk takun da aka yi don a iya komawa baya. Ya koma ya sha fama da shi har ya gane. Ya kwashe akwatunan tambayar nan kaf, ya dasa maɓalli ɗaya tal, ƙato yadda raunin ido ba zai ɓatar da shi ba, ya rubuta masa Warware. A saman tagar kuma ya sa sallama. Da ƙyar tsohon ya yarda ya sake zama. Ya ga sallamar, ya amsa ta a fili. Ya ja layi, shiru, ba wanda ya tanka. Ya karkata shi da gangan, ya danna Warware, layin ya miƙe. Ya sake ɓatawa, ya sake warwarewa, yana dariya har hularsa ta zame. Kafin damina ta fita ya juye zanukan kansa duka a ciki, har da waɗanda ya ce ya manta.

Ka san tsohon, Baba, ka kuma san saurayin. Zanenka na nan, matan unguwa na ci gaba da karɓa. Ni ma na ɗauki allura a ɓoye, jiya na gama hulata ta farko da zanen nan naka mai kama da ganyen rimi. Na warware ya fi a ƙirga, amma ta zauna a kaina daidai. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Inna ba ta sani ba, kai na fara gaya wa. Littafi ya koya mini gini, amma sai da na zauna kusa da kai na san wa nake gina wa. Gaskiyar Hausawa ce: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.