Kafaɗar Auta

Tela ce ta haƙiƙa, irin waɗanda ba su yarda da tef ba. Hannunta ne ma'auninta. Takan tsaya gaban mace, ta ɗora tafukanta biyu a kan kafaɗunta, ta ɗan lumshe ido, sai ta faɗi faɗin rigar. 'Yan layi suna kiranta Mai Almakashi, kuma ba don na kan tebur kaɗai ba. Na bakinta ya fi kaifi.

To, da wannan awo nata ta gano abin. Wata safiya tana gwada wa autarta riga, sai ta ji hannunta na dama ya zauna lafiya lau, na hagu kuwa sai da ya yi hawa kafin ya sami kafaɗar. Ta sauke, ta sake ɗorawa. Haka dai. Yarinyar da ta raina da hannunta ta karkace a gaban idonta, ba ta sani ba.

Auta budurwa ce mai koyarwa a makarantar yara, ga musun tsiya, ko ruwa ka ce mata jiƙaƙƙe ne sai ta ja da kai. Amma ranar da uwar ta ce mata kafaɗarta ta karkace, ba ta yi musu ba. Ta daɗe tana kallon uwar, sannan ta ce ta ji labarin wani mai gyaran ƙashin baya, za ta je, in dai Mama za ta riƙa raka ta.

Wurin yana saman wani kantin magani. Mai Almakashi takan huta a tsakiyar matakala, ta dafa bango, ta tsine wa maginin da ya yi su da tsawo haka. A ɗakin akwai siririn gado mai rami a wurin fuska, da ƙarfe a jikin bango, da ƙashin bayan roba a rataye yana lilo. Kallo ɗaya ta yi wa mai gyaran ta ji bai yi mata ba. Matashi ne mai sanyin murya, yana tauna magana kamar mai tsoron ta ƙone shi. Ta raɗa masa suna Malam Murɗe, kuma a gabansa take kiransa da shi.

Aikinsa ne ya fi ba ta haushi. Zai ɗan latsa bayan Auta nan da can, ya ce ta tashi. Daga nan sai ya juyo.

"Mama, ke za ki riƙa sa ta a gida. Sai kin iya da jikinki kafin ki koyar."

Sai ya kwantar da uwar a gefe ɗaya a kan naɗaɗɗen tawul, ya miƙar mata da hannu sama, ya ce ta ja numfashi har haƙarƙari ya buɗe. Ya kwantar da ita rubda ciki, ya bi bayanta da babban yatsa yana dannawa a hankali, wai nan da nan za ta riƙa danna wa yarinyar. Ita kuwa fuska a cikin ramin gado, baki bai huta ba. Ta ce ta ga malalata a duniya, amma ba ta taɓa ganin wanda ke sa uwar majinyaci ta yi masa aikinsa ba.

A gida ma ba sauƙi. Kullum da safe sukan shimfiɗa tabarma, Auta ta yi miƙar a hagunce kamar da gangan, uwar ta ture ta gefe.

"Matsa, sakarai. Kalli yadda ake yi."

Ta yi, ta maimaita, ta ƙara, har gumi ya keto mata. Kwanakin nan tana samun barci, kuma takan wuni a kan keken ɗinki ba ta nemi man zafi ba. Ta ce ai kujerar da surukinta ya sauya mata ce, ya yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarsa.

Watanni suka shuɗe. Ran nan ta tsayar da Auta, ta ɗora tafuka. Hannun hagu ya yi hawansa kamar jiya. Ta yafa mayafi, ta ja yarinyar suka tafi.

Ba ta ko zauna ba ta buɗe masa wuta. Ta kira shi maƙaryaci, mai wasa da jikin 'ya'yan mutane. Ta ce yau ce ƙafarta ta ƙarshe a wannan ɗaki, ita da 'yarta, kuma sai duk layin ya san ko shi wane ne.

Ya bari ta kai aya. Sannan ya ce gaskiya dai, aikinsa shi ne rage ciwo da sassauta jiki, miƙar da ƙashin da ya riga ya karkace ba ya hannunsa. Ya ce yanzu lokaci ya yi da za a je asibiti a ɗauki hoton bayan, likitan ƙashi ya gani, kuma jinkiri ba zai yi kyau ba. Ya dubi Auta, ya ce ya gaji da wannan hanya, ko ta faɗa ko shi ya faɗa.

Mai Almakashi ta damƙi wuyan hannun 'yarta. Asibiti? Ita da rabonta da asibiti tun haihuwar wannan yarinya, ita da take cewa wurin na marasa aikin yi ne? Babu mai kai mata 'ya a yanka. Ta ja ta zuwa ƙofa.

Auta ta cije, ta ƙi motsi. Idonta ya ciko. Ta kama hannun uwar na hagu da hannayenta biyu, ta riƙe shi a ƙirjinta.

"Mama, ni bayana lafiyarsa lau. Duk watannin nan ke nake kawowa."