Mahucin Dela

Dela ta rufe ƙwaryar furarta tun kafin la'asar, ranar kasuwa kuwa, lokacin da makiyaya suka fi sauka da ƙishirwa. Ta ɗauki tabarma da mahucinta na kaba, ta nufi filin wasa.

Ranar ce Dakoro za ta karrama Abarci, makaɗin da ya yi wa manoma da makiyaya da sarakuna waƙa tun daga Kornaka har Ɗan Gulbi. Mutanen rediyo sun zo daga Maradi su naɗi bakandamiyarsa, wadda bai taɓa yarda a ɗauka ba. Ya tsufa. Abin da aka naɗa yau, shi jikoki za su sani da sunan Abarci.

Ta tarar an jera kujeru masu laushi daidai inda ta saba zama. Ta ja biyu gefe, ta shimfiɗa tabarmarta.

Duk gari an san wannan zama. Tun shekarar da sanƙarau ya kwantar da Abarci ya tashi da ƙyar, ba a yi wasansa ba sai Dela tana gaba. Ba ta guɗa, ba ta liƙa masa ko dala. Fifita kawai take yi, ko da sanyi ne. Mata suka ce tsohuwar soyayya ce: sun so juna da ƙuruciya, ta auri dillalin raƙuma, shi ya auri wata, yanzu kowa ya binne nasa. Wasu suka ce asiri ne, don a da lumshe ido yake yi idan waƙa ta yi daɗi, yanzu idonsa ba ya sauka daga kanta. Shi ma an ce girman kai ya shige shi, ka gaishe shi yana tafe ya wuce ka. Dela tana jin duk wannan tana dama fura. 'Yar makaɗin kalangu ce, cikin surutun mutane ta girma.

Zakiru, shugaban masu shirya bikin, ya tsaya a kanta.

"Inna Dela, nan wurin manyan baƙi ne. Ga rumfar mata can baya, da inuwa."

"Na ga inuwar. Nan nika zama."

"Magajin gari na tahe, da mutanen Yamai. Mi za su ce?"

"Su ce sun ga tsohuwa bisa tabarma. Ba su taɓa gani ba?"

Aka yi dariya. Zakiru ya sunkuyo ya rage murya. "Ki ji kunyar furfurarki, Inna. Da shekarunki kina bin namiji da ido gaban jama'a?"

Maganar ta shige ta, har mahucin ya tsaya a hannunta. Sannan ta ce, "Ni na riƙe ka ranar sunanka kana tsala kuka. Kira jandarma su ɗauke ni da tabarmar, rediyo ta naɗi wannan."

Bai kira kowa ba. Sai ya sa aka jera wasu kujerun a gabanta. Baƙi suka zauna da manyan riguna da rawuna, suka rufe ta ruf.

Kalangu ya tashi. 'Yan amshi suka ɗora, suka kai inda Abarci zai karɓa. Bai karɓa ba. Yana tsaye da makirufo a hannu yana laluben jama'a da ido. Kiɗa ya zagayo, ya sake wuce shi. Ya buɗe baki a inda bai dace ba, ya rufe. Wani ya ce tsufa ne. Mutumin rediyo ya miƙa hannu wajen na'urarsa.

Dela ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta kutsa tsakanin kujeru, ta take gefen rigar wani babban baƙo ba ta waiwaya ba. Zakiru ya cafko mayafinta. Ta sakar masa shi a hannu, ta wuce, ta tsaya cikin rana a gaban kowa, ba mayafi, sai kallabi a kanta. Ta ɗaga mahucin.

Idon Abarci ya same ta.

Mahucin ya sauka, murya ta faɗa cikin kiɗan daidai wurinta, kamar guga cikin rijiya. Ya yi baitin shekarar fari da shanu suka ƙare, ya yi na ruwan farko, ya ja har rana ta yi ja. Wani tsohon makiyayi ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Dela ba ta zauna ba, hannunta bai huta ba.

Bayan an watse, Zakiru ya kawo mata mayafin a ninke, kansa a ƙasa.

"Wai wace irin soyayya ce wagga, Inna?"

Ta karɓa ta yafa, tana murza wuyan hannunta, ta bar shi a tsaye. Ba a bakinta za a ji ba cewa tun shekarar sanƙarau Abarci bai sake jin kalangu ba, balle muryar kansa, mahucinta ne kiɗan da yake bi.