Kuncin Tasalla

Tun da aka koma ƙudan zuma na ƙarfe, doka ta ce duk fadamar da babu ƙudan zuma mai rai a cikinta za a busar da ita. Shi ya sa Tasalla ta cika tata da farin furen nan dangin karas, mai buɗewa kamar lema a bakin ruwa, don ya jawo masu ran.

Ranar da malamin gona ya zo dubawa, ko ƙudan zuma ɗaya bai sauka a furen ba.

"Inna, shaida nake nema."

Ta zame mayafi, ta juyo masa kuncinta da ya kumbura suntum. "Naku na ƙarfen suna harbi ne?"

Ya daɗe yana kallo kafin ya ce fadama ta tsira. Sannan ya rage murya.

"Inna, wai da zafi?"

"Sosai, ɗan nan," in ji ta, tana murmushi da rabin baki.