Kuskure a Minti na Shida

"Tsaya nan," in ji matar, ta nuna allon kwamfuta da yatsa.

Mai tace fim ya tsayar da hoton. Mijinta ne kwance a ƙasan wani shago, rigarsa jage-jage da jan fenti, 'yan sandan wasa sun zagaye shi. Shi tela ne. Ranar ɗaukar fim ɗin ya kai ɗinkin kayan 'yan wasa, sai darakta ya roƙe shi ya kwanta a matsayin gawa, don wanda aka ba aikin bai zo ba. Ya koma gida yana ta dariya, wai daga yau a riƙa ce masa jarumi. Bayan kwana goma sha biyu zuciyarsa ta buga yana kan keken ɗinki, ya rasu. Yau darakta ya gayyace ta ta ga fim ɗin kafin ya fita.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah," mai tacewa ya ce. "Nan za mu gyara. Ya kasa riƙe numfashi, cikinsa na motsi. 'Yan kallo za su yi mana dariya."

"Halinsa ne. Ko barcin ƙarya yake wa yara, nan da nan suke gano shi. Sake kunnawa."

Ya kunna. Rigar ta ɗaga a hankali, ta sauka, ta sake ɗagawa.

Ta miƙa masa wayarta.

"Kafin ka gyara, tura min wannan yadda yake. Hotunansa sun cika gida, amma babu ko ɗaya da yake numfashi a ciki."