Rabin Iri

Ran Lahadi da hantsi Alu ya dawo daga gonar yayansa da laka har ƙauri. Ya ratsa mutanen da ke zazzaune a ƙofar gida, ya durƙusa gefen tabarmar Malam Mamuda, ya rage murya.

"Yaya, gero ya fito. Layi-layi. Ko rami ɗaya bai yi ƙarya ba."

Mamuda ya gyaɗa kai. Idonsa na kan wata tururuwa da ke jan ƙwayar hatsi a bakin tabarma.

A Wurma kowa ya san shi da binne. Tun ƙasa na busasshiya, kafin ɗigon fari ya sauka, yake fita da sungumi ya sare ramuka, ya zuba iri, ya take da ƙafa, ya bar wa Allah. In ruwa ya zo da ƙarfi, geronsa ya riga na kowa da mako biyu. In yayyafi aka yi ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone a rami. Shekara talatin da ɗaya yana yi, sau huɗu kacal ya faɗi.

Alu kan tsokane shi, ya ce wannan ai caca ce aka naɗa mata rawani.

"Kasada daban, ganganci daban," in ji Mamuda. "Mai kasada ya san abin da zai rasa, ya kuma yarda. Mai ganganci bai tsaya ya duba ba."

Shi kuwa yana dubawa. Ba ya ɗaukar sungumi sai shamuwa ta dawo kan tsamiyar masallaci, gawo ya fara kaɗe ganye, iska ta juyo tana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kuma bai taɓa binne iri duka ba. Rabi a ƙasa, rabi a buhu, a rataye can saman rumbu inda hannu ba ya kai wa. In na farko ya ƙone, akwai na biyu.

Haka yake auna komai. Ba ya hawa babur mutum uku. Ba ya bin hanyar Kurfi sai ranar da take cike da mutane. Ko da aka ce a kai matarsa Inno Dutsin-Ma a cire mata yanar ido, sai da ya kwana uku yana juya maganar, sannan ya ce a bari sai kaka, wuƙa a ido ba abin gaggawa ba ce. Inno ta yi dariya ta ce, "Malam, rabu da su. Ni a gidan nan hannuna ido ne."

Bana alamun sun cika ran Laraba. Ya je Kurfi ya sayo maganin iri, jan garin nan da ake cuɗa hatsi da shi don kada zabi da ɓera su tone. Ya cuɗa tiya shida, ya raba biyu daidai, ya wanke hannu sau uku da toka. Da ya ɗaga buhun ajiya, sai gindinsa ya yage. An riga an ta da sallar magariba, ga gwiwa tana ciwo. Ya juye rabin a ƙwaryar da ta fi kusa da shi, ya kifa faifai a kai, ya ce gobe ya nemi wani buhun. Bai gaya wa kowa ba. Ba abin faɗa ba ne.

Alhamis yana azumi, kamar kowace Alhamis. Daga sallar asuba ya wuce gona, ko ɗaki bai leƙa ba. Sama fes, babu ko gizagizai. Masu wucewa suka yi ta kallonsa suna girgiza kai, wani ya ce bana dai tsoho ya zuba geronsa a tanda. Ya ci gaba da sara, taki ɗaya rami ɗaya.

Da azahar aka aiko masa daga gida, ya bar sungumin a tsakiyar gona. Sungumin yana can har yau.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Mutane suka yi ta sauri a gama kafin ya sauko. Suna juyowa gida ya kece, irin ruwan da manomi ke roƙo, mai nauyi, marar iska, ya jiƙa ƙasa kamu guda. Mamuda ya taka a cikinsa a hankali, bai ji ya jiƙe ba.

Yanzu ga shi zaune, kwana uku. Maƙwabciyarsu Zinariya ta aiko da tuwo, ya huce a kwano. Cikin gida shiru, ko kukan kaza babu. Baƙi daga Shema suka miƙa masa hannu, ya miƙa, suka yi addu'a, ya shafa.

Alu ya ce, "Yaya, lissafinka bai taɓa fita daidai kamar na bana ba." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai.

Mamuda bai ji haushi ba. Ya sake bin lissafin daga farko, kamar yadda yake yi tun ran Alhamis. Shamuwa daidai. Gawo daidai. Ruwa daidai. Abu ɗaya ne bai tsaya ya duba ba: ƙwaryar da ta fi kusa da shi, ita ce wadda Inno ke lalubo geron kununta a ciki kowace safiya, kuma hannu ba ya ganin ja.

Binne biyu ya yi ran Alhamis, na gero da safe, na Inno da la'asar. Ɗaya ne ya tsiro.